Hoton Sama Ma Yana Jin Hunturu

Duk mai tsohon hoto a akwati ya san halinsa. Da hunturu sai gefensa ya nannaɗe ya ƙi kwanciya, da damina kuma ya saki jiki har ya riƙa mannewa da ɗan'uwansa. Fuskar da ke ɗauke da surar ce ke shan danshi ta kumbura, in iska ta bushe ta tsuke, kamar ƙofar katako da ke ƙin rufuwa a watan Agusta. A hoton biki wannan ba ya cutar da kowa. Inda yake da nauyi shi ne a hoton da ake awon ƙasa da shi.

Gonakin Ungogo, Minjibir, Gezawa da Dawakin Tofa sun sha ɗaukar hoto daga jirgin sama tun kafin tauraron ɗan'adam ya karɓi aikin. Michael Mortimore, malamin labarin ƙasa a Jami'ar Ahmadu Bello a wancan zamanin, wanda ya wallafa bincikensa kan wannan yanki a 1965, ya yi amfani da hotunan sama na shekaru daban-daban don ganin yadda gonaki da itatuwa ke sauyawa. Daga sama komai a fili yake: ga burtali, ga shingen aguwa, ga layin gamba a kan iyaka, ga gawo da ɗorawa kowanne da inuwarsa, babu taku ɗaya da aka bari ba noma.

Amma fim ɗin da ya kama wannan duka yana motsi. Kowane hoto faɗinsa santimita 23 ne, tsawonsa ma haka. Idan an ɗauke shi a ma'aunin 1:25,000, milimita ɗaya a hoto mita 25 ke nan a ƙasa. To, a ce fim ya tsuke da kashi ɗaya cikin dubu kacal. Ido ba zai gani ba, amma daga wannan gefe zuwa wancan an yi asarar kusan mita 6. A daji mai faɗi ba wanda zai kula. A nan kuwa, inda gado ya rarraba gandu har gonar magidanci ta koma 'yar tsiririya, mita 6 kunya shida ce ko bakwai na gero da wake, kuma a kan abin da bai kai haka ba 'yan'uwa sun je gaban dagaci.

Abin da ya fi wahalar gyara shi ne tsukewar ba daidai take ba: ta tsawo daban, ta faɗi daban. Hoton da aka wanke a takarda ya fi fim muni ta nan. Tsohon fim na asitet yana ƙara tsukewa da shekaru, har ya fara warin tsami in ya soma lalacewa. Sai wajajen 1960 fim na foliyesta ya shigo aikin, ya rage matsalar sosai. Ga kuma karkatar jirgi da kuskuren gilashin kyamara, su ma da nasu.

Masu awo sun san da haka tun farko. Shi ya sa kyamarar ke buga wasu ƙananan alamomi a kusurwoyi ko gefunan kowane hoto, waɗanda an san ainihin tazarar da ke tsakaninsu. Ka auna su yau, ka gwada da abin da ya kamata su zama, sai ka san yadda fim ɗin ya ja, ka gyara lissafi. Sannan a sauko ƙasa a auna wurare tabbatattu, kamar gada ko mahaɗar hanya, a ɗaure hoton da su.

Don ƙidaya itatuwa ko gano inda tsohon burtali ya bi, tsohon hoto shaida ne mai ƙarfi. Don raba gardamar iyaka kuwa, ban yarda a ɗora masa rula haka kawai ba.

Abin da ke damuna yanzu shi ne masu kwafar tsofaffin hotunan nan zuwa kwamfuta. Mai son aiki ya yi tsaf yakan datse baƙin gefen, alamomin nan su tafi tare da shi. In fim ɗin asali ya ruɓe, gyara kwafin ya zama jan aiki, don ba sauran abin da ke nuna yawan tsukewar da ya yi.