Tsohuwar Mota Ba Ta Ɓoye Ciwonta

Mu malaman makaranta a nan Fau, albashi ba ya kai mu ƙarshen wata, shi ya sa muka haɗa kuɗi muka sayi tsohuwar ƙaramar bas mai giya otomatik, tana jigila tsakanin Madani da Gadarif. Ita ta koya mana kasa kunne. In an sa D ta yi jinkiri, sannan ta zabura kamar an tsikari jaki, to, da magana. In inji na ruri gudu bai ƙaru ba, giya ce ke sulɓewa. Man giya ja ne, muna duba shi da zafinsa, inji na aiki. In ya yi baƙi yana ƙauri, zafi da lodi sun dafa shi. Ranar ba ma ɗaukar ɗan kowa sai makanike ya gani, ko da cinikin mako zai wuce mu.