Na'urar Auna Bugun Zuciya Ga Mai Sassarfa

Zuciyar baligi mai lafiya tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya idan yana zaune. Da ya fara sassarfa sai bugun ya ƙaru, kuma akwai iyakar da ba ya wucewa. Lissafin da aka saba da shi shi ne a cire shekarun mutum daga 220, wato ɗan shekara 60 iyakarsa wajen 160. Matsakaicin motsa jiki yana tsakanin kashi 50 zuwa 70 cikin ɗari na wannan iyaka, ke nan 80 zuwa 112 ga wannan dattijo. Lissafin ƙiyasi ne, sa'o'in juna kan bambanta sosai. Aikin na'ura shi ne ta nuna inda mutum yake a cikin wannan zango.

Iri biyu ake samu. Na farko maɗauri ne da ake zagaya ƙirji da shi, yana karanta ɗan lantarkin da zuciya ke fitarwa. Kamfanin Polar na ƙasar Finland ne ya fito da mara waya a 1982, kuma har yau maɗaurin ya fi dacewa da gaskiya. Yawancinsu da ƙaramin batir irin na agogo suke aiki, wanda kan yi watanni, abin da ke da daraja a gari irin Nahuce, inda caji kan kai mutum shagon mai janareta ko sola. Sai dai ba shi da fuska, dole a haɗa shi da waya ko agogo. A hunturu kuma, lokacin da fata ke bushewa har ta yi fari, sai an shafa masa ruwa kafin ya kama.

Na biyu agogon hannu ne mai koren haske a bayansa, wanda ke leƙen gudun jini ta cikin fata. Shi ya cika shagunan waya a Gusau, kuma ga mai zagaya filin makarantar firamare bayan sallar asuba, mai kyau daga cikinsu ya wadatar. Sai dai a nan ne ake cinikin biri a sama. Akwai masu arha da ke nuna lamba ko an ɗora su a kan teburi. Don haka mai hankali yakan gwada a gaban mai shago: ya ɗaura agogon, ya ɗora yatsu biyu a jijiyar tsintsiyar ɗaya hannun, ƙasa da babban yatsa, ya ƙirga bugu na daƙiƙa 15, ya ninka sau huɗu. Daga nan ya yi 'yar tafiya da sauri ya sake gwadawa. Agogon da lambarsa ba ta motsa ba a bar wa mai shi kayansa. Ko nagari yakan ruɗe idan ya yi sako-sako, ko sanyi ya rage jini a hannu, don haka ana ɗaure shi sosai, ɗan sama da ƙashin tsintsiya. Awon hawan jini da wasu ke tallatawa a jikin irin waɗannan agogo ba abin dogaro ba ne, kuma ba a daina shan magani saboda shi.

Abin da manya suka lura da shi, matasa kuwa sukan yi wa gaggawa, shi ne lamba ɗaya ba ta da ma'ana ɗaya kullum. A bazara, tsakanin Maris da Mayu, zafi a Zamfara kan kai maki 40, kuma zuciya kan yi sauri fiye da yadda ta saba a tafiya iri ɗaya. Haka ma da ƙishirwar azumi, da zazzaɓin cizon sauro, da goro ko shayi mai kauri. Magungunan hawan jini irin su atenolol da propranolol kuwa rage bugun suke yi, har mutum ya jigata alhali agogo na nuna masa da saura. Mai shan su ya tambayi likitansa zangon da ya dace da shi, ko a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau ko a asibiti mafi kusa.

Manomin da ke wuni yana huɗa ba ya buƙatar wannan kaya. Masu buƙata su ne malami mai ritaya, da ɗan kasuwa mai wuni a zaune, da wanda aka ce ya rage ƙiba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba irinsu shawarar aƙalla minti 150 na matsakaicin motsi a mako. Ko babu agogo akwai ma'auni: wanda ke iya hira da abokin tafiyarsa yana cikin zango, wanda numfashi ya hana shi amsa gaisuwa ya sassauta. Ciwon ƙirji, jiri, ko bugu mai tsallake-tsallake kuwa dalili ne na tsayawa nan take a nemi likita, ko me agogo ya nuna.