Daren Kiɗa a Dablin da Darasin Saukar Sukari

Mai karatu, idan akwai mai ciwon sukari a gidanku, ka san yadda tausayi kan rikiɗe ya koma takunkumi. Da farko a hana shi wannan abinci da wancan, sannan a hana shi tafiya mai nisa, daga bisani a daina gaya masa idan za a fita da dare, wai don kada a wahalar da shi. A haka mutum zai wayi gari abokai sun ja baya, ba shi da abokin hira sai kwalbar magani. Kaɗaici kuwa bai taɓa warkar da kowa ba. Abin da nake so ka riƙe a wannan makon shi ne, mai ciwon sukari na iya fita da dare, ya saurari kiɗa, ya yi dariya, ya dawo gida lafiya, muddin wanda ya raka shi ya san cewa saukar sukari kan yi kama da maye.

Babu inda wannan kamanni ya fi haɗari kamar unguwar da mashayu suka yi yawa, inda ganin mai tangaɗi ba ya ɗaga wa kowa hankali. Shi ya sa zan ɗauke ka zuwa Dablin, babban birnin ƙasar Ailan. A can mashaya ita ce dandalin unguwa: nan ake hira, nan ake kallon ƙwallo, nan kuma makaɗan gargajiya ke haɗuwa. Galibi ba su da dandamali, ba su da lasifika. Sukan zauna ne a kusurwa su kewaye tebur, wani da gogensu mai tsirkiya huɗu, wani da siririyar sarewa, wani da ganga mai fuska ɗaya da suke kira bodhrán, wani kuma da algaitarsu ta uilleann, wadda ake hura wa iska da mafitar da ake matsawa da gwiwar hannu. A shekarar 2017 hukumar UNESCO ta sanya kiɗan wannan algaita cikin jerin al'adun da duniya ta gada. Kowa da iyakar da addininsa da lamirinsa suka shata masa game da shiga irin waɗannan wurare. Ni dai kiɗa ya kai ni, lemo kuma na sha.

Mu biyu muka fita, ni da wani aminina da ya haura shekara 10 yana allurar insulin, shi ma bai taɓa kai giya bakinsa ba. Watan Yuni ne, lokacin da rana ba ta faɗuwa a Dablin sai wajen ƙarfe 10 na dare. Mun fara da O'Donoghue's da ke titin Merrion Row, inda ƙungiyar mawaƙan nan The Dubliners ta soma tashe a farkon shekarun 1960. Abin da mai asma ko ciwon zuciya zai fara lura da shi a irin wannan ɗaki shi ne babu hayaƙin taba. A watan Maris na 2004 Ailan ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta haramta shan taba a cikin wuraren aiki baki ɗaya, har da mashayu da gidajen abinci.

Daga nan muka taka da ƙafa zuwa Temple Bar, unguwar da ke kudu da kogin Liffey, mai lunguna shimfiɗe da duwatsu da cunkoson baƙi, inda kiɗa ke fitowa daga kowace ƙofa. Niyyarmu mu ƙetare kogin ta gadar Ha'penny, wadda aka gina a 1816, mu ƙarasa Cobblestone a unguwar Smithfield, inda masana kiɗan gargajiya suka fi so. Tafiyar gaba ɗaya ta kusa kilomita 3.

Mun ƙetare gadar ke nan na ga gumi na tsattsafo wa aminina a goshi, alhali iska mai sanyi ke kaɗawa daga kogi. Na yi masa tambaya, ya amsa a fusace, shi da ba a san shi da faɗa ba. Can sai harshensa ya yi nauyi, ƙafarsa ta soma harɗewa. Mutane na wucewa suna murmushi, domin a ganinsu ga wani nan da ya sha ya yi tatul. Na zaunar da shi, muka fito da na'urar gwaji daga aljihunsa, ta nuna 3.4. Ya yi allurarsa kafin mu fito, dokin fita ya sa bai ci abincin kirki ba, ga kuma doguwar tafiya. Na ba shi rabin gwangwanin lemo mai sukari, muka jira. Bayan minti 15 maganarsa ta daidaita, ya ci burodi da cuku, muka ƙarasa Smithfield muka sha kiɗa har aka tashi.

Ga abin da ya faru a jikinsa. Ƙwaƙwalwa da sukarin jini take aiki, kuma ba ta da rumbun ajiya. Insulin na kwashe sukari daga jini zuwa cikin tsoka, tafiya kuma na sa tsoka ta ƙara zuƙarsa. Idan abinci ya yi kaɗan, sai ma'aunin ya faɗi ƙasa da 3.9, ko kuma 70 a na'urorin da ke amfani da ɗaya lissafin. Daga nan jiki ke fara rawa, gumi ya karyo, zuciya ta yi ta bugawa, yunwa ta taso. Idan aka yi sakaci sai ruɗewa, sai suma, wani lokaci har da jijjiga irin ta farfaɗiya. Masu allurar insulin da masu shan ƙwayoyi irin su glibenclamide su suka fi fuskantar wannan.

Maganin gaggawa ba shi da tsada. Idan mutum na cikin hayyacinsa kuma yana iya haɗiya, ba shi kimanin giram 15 na sukari mai saurin shiga jini: rabin kofin ruwan 'ya'yan itace ko lemon kwalba, ko ƙaramin cokali 3 zuwa 4 na sukari a cikin ruwa. Lemon da aka rubuta masa cewa ba shi da sukari ba zai yi amfani ba, cakulan kuma maiƙonsa na jinkirta aikin. Ka jira minti 15 ka sake gwadawa, idan bai hau ba ka maimaita. Idan ya hau, ya ci wani abu mai riƙe ciki. Amma idan ya suma, kada ka ɗura masa komai a baki, domin zai iya shaƙewa. Kwantar da shi a gefensa ka nemi motar asibiti. A Ailan lambar ita ce 112 ko 999.

Wanda ke shan giya haɗarinsa ya ninka. Hanta ce ke sako sukari cikin jini idan ya yi ƙasa, giya kuwa na shagaltar da ita daga wannan aiki, har sukari ya iya faɗuwa sa'o'i bayan an koma gida, mutum na tsakiyar barci. Ga shi kuma warin giya a bakinsa zai sa kowa ya ce a ƙyale shi ya yi barci ya wartsake.

Kunne ma yana da hakki a irin wannan dare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba na iya jure ƙara mai ƙarfin desibel 80 na sa'a 40 a mako, amma duk ƙarin desibel 3 na rage wannan lokaci da rabi. A wurin da lasifika ke kai desibel 100, rabon mako guda kan ƙare cikin kimanin minti 20. Ƙananan ƙwayoyin ji da ke can cikin kunne idan suka mutu ba sa sake tsirowa. Saboda haka ka nisanci bakin lasifika, ka riƙa fita kana hutar da kunne, ka kuma tafi da abin toshe kunne. Kiɗan tebur irin na Smithfield ya fi sauƙi ga kunne a kan na wuraren da ake ƙure sauti.

Ba sai ka je Turai wannan darasi zai yi maka amfani ba. A wurin biki ko wasan Sallah, dattijon da ya fara sambatu yana tangaɗi, wani zai ce shaye-shaye ya fara, wani ya ce iskoki ne, alhali cokalin sukari yake bukata.

Don haka idan fita ta taso, ku gayyaci majinyacinku. Ya ci abinci sosai kafin a tashi, ya gwada sukarinsa, ya sa na'urarsa da alewa a aljihu, ya ɗauki kati ko abin hannu da ke nuna yana da ciwon sukari. Ya sa takalmi mai laushi da bai matse shi ba, ya duba ƙafarsa idan an dawo, ya sake gwaji kafin ya kwanta. Batun rage allura a ranar doguwar tafiya kuwa, da likitansa zai yanke shi tun kafin ranar. Kai kuma da ka raka shi, ka riƙa duban fuskarsa lokaci zuwa lokaci, kuma idan halinsa ya sauya farat ɗaya, ka fara tunanin sukari kafin komai. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙara mana lafiya baki ɗaya.