Ramukan da Muka Haƙa a Baltimore

Daren 24 ga Agusta, 1814, muka hau rufin gidaje a unguwarmu ta Fells Point, muka ga sama ta yi jajir ta kudu maso yamma. Washington ce ke ci da wuta. Dakarun Ingila ƙarƙashin Janar Robert Ross sun watsa sojojinmu a Bladensburg, suka banka wa majalisa da gidan shugaban ƙasa wuta. Kowa ya san mu ne a layi, domin a unguwarmu ake ƙera jiragen nan masu gudun tsiya da ke kame jiragen fataken Ingila a teku. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Aka miƙa ragamar tsaro ga Janar Samuel Smith, tsohon sojan yaƙin neman 'yanci. Aka raba gari gida huɗu, kowane yanki da ranarsa, kowa ya zo da diga, shebur ko baro. A tudun Hampstead, gabas da gari, muka yi ta haƙa. Ni ɗa ne, baƙar fata, sana'ata toshe kafofin jirgi da ƙaro, amma sai da tafin hannuna ya yi bororo ya fashe. Ga attajiri, ga lauya, ga bayin da iyayengijinsu suka turo, duk mun yi buɗu-buɗu da ƙasa.

Wani saurayi bawa ke tura baro kusa da ni. Ya ji labarin alkawarin da babban kwamandan jiragen Ingila, Alexander Cochrane, ya yi tun Afrilu, cewa duk wanda ya gudo wurinsu ya 'yantu. Ya yi ƙasa da murya ya ce, "Baba, in suka ci garin nan, ni asara na yi ko riba?" Na ce, "Yaro, tura baronka, bango ma kunne gare shi."

Lahadi 11 ga Satumba, aka harba igwa sau uku daga harabar kotu, coci-coci suka watse ana tsakar ibada. An hango jiragen Ingila a North Point. Kashegari suka sauka, aka harbe Ross a hanya. Ranar 13 suka iso gaban ramukanmu, jiragensu na luguden wuta a sansanin McHenry, suka auna suka ga ba kanta, suka juya.

Gari ya tsira da guminmu duka. Da aka gama shagali, saurayin nan ya mayar da baron, ubangidansa ya tasa ƙeyarsa zuwa gida.