Ɗan Wace Unguwa Ne Kai?

Duk wanda ya tashi a Dakata ya san cewa unguwarmu ba ta barci gaba ɗaya. A lokacin da waɗansu ke sakaya ƙofa, a lokacin ne waɗansu ke ɗaura takalmi za su tafi aikin dare, domin kuwa abincin unguwar tun asali a jikin kamfanonin Bompai yake rataye. Mahaifinmu a wata masaƙa ya ƙarar da ƙuruciyarsa, har ranar da aka sa mata kwaɗo, kamar yadda aka sa wa da yawa daga cikin masana'antun Bompai da Sharaɗa da Calawa, tun daga tsuke bakin aljihun da aka soma a 1986 har zuwa matsalar wutar lantarki da ta biyo baya. Abin da ya rage wa 'ya'yansu shi ne ƙananan injunan roba da na matsar mai da na casar shinkafa. A ɗaya daga cikin irin waɗannan wurare yayana yake aiki, kuma a kan hanyarsa ta dawowa gida ne abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya auku.

Cikin sanyin watan Janairu na 1920 da ɗari, watau 2020, wajen ƙarfe goma sha ɗaya na dare, motar 'yan sintiri ta tsayar da shi shi da abokin aikinsa. Ba su tambayi sunansa ba, ba su kuma dubi katin kamfanin da ya miƙa musu ba. Tambaya ɗaya suka yi masa: "Ɗan wace unguwa ne kai?" Ya ce Dakata. Da aka laluba aljihunsa aka sami 'yar wuƙar da yake datse bakin bokitin roba da ita, shi ke nan magana ta ƙare, ya zama ɗan daba. Kwana uku ya yi a wani caji ofis da ba zan ambata ba. Ranar da ya fito ba ya iya taka ƙasa da tafin ƙafarsa.

Ba dukan ne nake so in tsaya a kansa ba, ko da yake har gobe Inna ba ta iya tuna shi ba tare da ta share ido ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda aka fito da shi. Washegarin kamun, wani dattijo abokin mahaifinmu ya kai ni gidan wani kansila da suke da sanayya. Mutumin kirki ne, wannan ba zan ɓoye ba. Da ya ji labari sai ya miƙe tsaye a ƙofar gidansa, ya ɗaga murya har maƙwabta suna leƙowa, ya ce wannan zalunci ne tsagwaronsa, yaro mai neman halalinsa a mai da shi ɓarawo. Na ji daɗi ƙwarai, na ce a raina yau mun sami mai tsaya mana. Amma muna shiga harabar caji ofis sai na ga babbar rigar nan ta ragu. Murya ta yi ƙasa, ya rusuna gaban wani jami'i wanda a haife ya haife shi, yana cewa, "Ranka ya daɗe, a taimaka, yaron namu ne, ba ya da hali." A bangon da ke bayan kanta kuwa an rubuta da Turanci cewa beli kyauta ne. Awakin Inna biyu suka tafi a kan wannan kyauta.

A hanyarmu ta komawa na yi ƙarfin hali na ce masa, "Baba, ba za ka kai maganar nan zauren majalisa ba?" Ya dube ni ya ce, "Ɗana, ka gode wa Allah da ya fito da ransa. In na yi magana yau, gobe da wace fuska zan koma roƙon ɗan wani?"

A matsayina na ɗalibin harshe, na daɗe ina juya waɗannan kalmomi biyu da ya haɗa a cikin zance ɗaya, watau magana da roƙo. Mai roƙo ya riga ya yarda cewa abin da yake nema ba haƙƙinsa ba ne, alfarma ce, mai bayarwa na iya hanawa ba tare da ya yi laifi ba. Mai magana kuwa, irin wadda ake yi a bainar jama'a, cewa yake yi an taka doka, kuma yana so a ji, a rubuta. Kansilan nan ya zaɓi roƙo da saninsa, saboda roƙo ne ke fitar da yaro guda a yau. Ni kuma da nake ƙanen yaron, ba ni da bakin cewa ya yi kuskure. Sai dai roƙon nan bai hana a kama wani a daren da aka saki namu ba.

Bayan wata huɗu, muna zaune a gida saboda kullen annobar korona, sai ga hoton George Floyd ya cika wayoyin mutane. Ranar 25 ga Mayu, 2020, a birnin Miniyafolis na Amurka, wani ɗan sanda Bature, Derek Chauvin, ya danne wuyan wannan baƙar fata da gwiwa fiye da minti tara har rai ya yi halinsa. Yaya bai iya kallon hoton har ƙarshe ba. Abin da ya ba shi mamaki shi ne abin da ya biyo baya. Kashegari aka kori 'yan sanda huɗun da ke wurin. Magajin garin, Jacob Frey, wanda shi ma Bature ne, ya fito ya ce bai kamata zama baƙar fata a Amurka ya zama hukuncin kisa ba, sa'an nan ya nemi a gurfanar da wanda ya yi aikin. Ranar 7 ga Yuni, tara daga cikin kansiloli goma sha uku na birnin suka hau dandamali suka yi alkawarin rushe rundunar 'yan sandan garin a sake sabuwa. Yaya ya ajiye waya ya ce, "Yanzu wannan shi ne ciyaman ɗinsu?"

Kada mai karatu ya zaci ina cewa can aljanna ce. Alkawarin kansilolin bai cika ba, domin a zaɓen Nuwamba na 2021 mutanen birnin suka ƙi amincewa da sauya rundunar. Kafin Floyd kuwa an yi Amadou Diallo, Bafulatanin Gini mai talla a Niyok, wanda 'yan sanda huɗu suka harba wa harsashi 41 a ƙofar gidansa a Fabrairun 1999, kotu kuma ta sallame su duka. Amma a wannan karon an ɗaure Chauvin shekara 22 da rabi, birnin kuma ya biya iyalan mamacin dala miliyan 27. Dalilin da ya sa maganar magajin gari take da nauyi a can a fili yake: shi ke zaɓo shugaban 'yan sandan birni, majalisar birni kuma ita ke yanka musu kasafi. Wanda ke riƙe da akushi, in ya yi gyaran murya dole a saurara.

Mu ma a nan mun taɓa samun zamanin da hukumar gida take da 'yan sandanta, kuma ba mu ji da daɗi ba. Su ne 'yan doka na En'e. Tun daga kafa jam'iyyar NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, magoya bayan Malam Aminu Kano sun sha kamu da bulala da ɗauri a hannun 'yan doka da kotunan alƙalai, har mata irin su Hajiya Gambo Sawaba ba su tsira ba. Saboda haka da mulkin Janar Yakubu Gowon ya karɓe 'yan doka daga hannun En'e a ƙarshen shekarun 1960 ya narkar da su cikin 'yan sandan tarayya, talakawa da yawa murna suka yi. Da aka yi gyaran ƙananan hukumomi na 1976, ba a mayar musu da sanda ba. Tsarin mulkin 1999 kuwa, a sashe na 214, ya kafa runduna guda domin ƙasa baki ɗaya. To ga inda muka tsinci kanmu: a da mai sandan na kusa ne, amma ba ka da ikon tsige shi, yanzu wanda ka zaɓa ba shi da sanda, mai sandan kuma umarninsa daga Abuja yake zuwa. Ciyaman na iya sayen mota da mai ya bai wa baturen 'yan sandan yankinsa, amma ba ya iya canja wa ko da kurtu guda wurin aiki.

Na ce wanda ka zaɓa, amma wannan ma sai a yi hattara. A zaɓen ƙananan hukumomin Kano na 2018 da na 2021, jam'iyyar APC mai mulkin jiha a lokacin ita ta cinye kujerun ciyaman 44 duka. A na Oktoban 2024, NNPP mai mulki a lokacin ita ma ta cinye 44 ɗin. Mutumin da ya hau kujera ta wannan hanya ya san wanda ya ɗora shi, kuma ya san ba ma'aikacin kamfanin roba ba ne.

Wani abokina a aji ya ce mini kwatancen bai yi daidai ba, tun da a can wariyar launin fata ce, a nan kuwa mai duka da wanda ake duka duk baƙaƙe ne, sau da yawa ma masallaci ɗaya suke salla. Gaskiyarsa ta fuskar fata. Amma ya manta cewa taswirar wannan gefe na Kano da wariyar launin fata aka zana ta. Turawan mulki sun keɓe wa kansu Nasarawa da Bompai, suka kafa Sabon Gari wajen 1913 domin baƙin Kudu, suka bar Tudun Wada da Gwagwarwa ga lebura da 'yan ci-rani, dokarsu ta 1917 kuma ta ce a bar fili mai faɗin yadi 440 tsakanin gidan Bature da na baƙar fata. Bature ya tafi a 1960, amma gidajensa ba su zama kango ba, manyanmu suka shiga. Har yau Dakata da Nasarawa ƙaramar hukuma ɗaya ce, hedikwatar 'yan sandan jiha kuma tana Bompai, tafiyar ƙafa daga gidanmu. Duk da haka ba na jin akwai ɗan sintirin da zai sami 'yar wuƙa a aljihun yaron da ya ce shi ɗan unguwar Turawa ne ya jefa shi mota bai tambayi sunan ubansa ba. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana a ɗauki launin mutum ko shekarunsa ko askinsa ko tufarsa a matsayin dalilin zargi. Da da ni aka rubuta ta, da na ce a ƙara da unguwarsa.

Ba kuma ina musun cewa akwai daba da ƙwacen waya a unguwanninmu ba. Akwai su, kuma mu ne muka fi kowa shan wahalarsu. Inna da ta sayar da awakinta, ita ce kuma take addu'a motar sintiri ta riƙa wucewa ta layinmu. Wannan tsoro biyu shi ne ya raba bakin Arewa a watan Oktoba na 2020, lokacin zanga-zangar neman a rushe rundunar SARS. An rushe ta ranar 11 ga wata, amma bayan 'yan kwanaki ƙungiyar gwamnonin Arewa, ta bakin shugabanta Simon Lalong, ta ce ita ba ta goyon bayan rushewar, domin rundunar tana da amfani wajen yaƙi da 'yan fashi. A Kano, Salihu Tanko Yakasai, mai taimaka wa Gwamna Abdullahi Ganduje kan watsa labarai, ya soki shirun Shugaba Buhari a kan batun, aka dakatar da shi nan take. Lalle duk wani kansila mai hankali ya karanta wannan darasi. Ranar 19 ga watan mutanen Ƙofar Mata suka fito titi bisa zargin cewa wani yaro ɗan shekara 17 ya mutu sakamakon azabar da ya sha a tsare. Da aka umarci jihohi su kafa kwamitocin shari'a domin sauraron kokensu a kan 'yan sanda, Kano na cikin waɗanda ba su kafa ba. Da an kafa, da na kai Yaya ko da a goye ne.

Bayan shekara huɗu aka sake, a zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agustan 2024. Ƙungiyar Amnesty International ta ce an kashe aƙalla mutum 24 a jihohi shida, 12 daga cikinsu a Kano, rundunar 'yan sanda kuma ta ƙaryata rahoton. A farkon Nuwamba ƙasa duka ta ga yara ƙanana, waɗanda aka kwaso daga Kano da Kaduna, suna faɗuwa don yunwa a gaban kotu a Abuja bayan kusan wata uku a tsare. Sai da hoton ya zaga duniya aka sake su. Kowane ɗaya daga cikin yaran nan yana da mazaɓa, kowace mazaɓa kuma tana da masu cewa su ne shugabanninta.

Na yarda ciyaman ba shi da sanda. Amma ba a karɓe masa baki ba. Babu dokar da ta hana kansila ya ajiye littafi ya riƙa rubuta sunan duk ɗan mazaɓarsa da aka tsare fiye da kwana ɗaya ba a kai shi kotu ba, alhali sashe na 35 na tsarin mulki ya ce a kai shi cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tsakanin kilomita 40, kuma babu lungun da ke birnin Kano da ya kai wannan nisa da kotu. Babu abin da ya hana shi karanta littafin a zauren majalisa, ko a gidan rediyo, inda 'yan siyasarmu ke kwana suna yi wa juna habaici. 'Yan NEPU ba su da ko kujerar kansila lokacin da suka fara magana. Wannan shi ne abin da na so in faɗa wa Baba kansila a ranar, amma kunya da ƙuruciya suka hana ni, ga shi kuma ya biya mana kuɗin mota daga aljihunsa.

Yaya yana nan yana aikinsa na dare. Ya daina fitowa da wuƙar, a kamfani yake barinta. Ya rubuta lambar kansilan a wata 'yar takarda ya soke ta cikin hularsa, ko da yake mutumin ya sauka daga kujera tun 2021. Kwanan baya na tambaye shi abin da yake cewa yanzu in an tare shi an ce ɗan wace unguwa ne shi. Ya yi dariya ya ce, "Bompai nake ce musu. Ai ban yi ƙarya ba, can nake kwana."