Kiɗan Magabata A Bakin Na'ura: Tsakanin Carlos, Tomita Da Emerson

A cikin shekarar 1968 kamfanin Columbia na ƙasar Amurka ya fito da wani faifai mai suna Switched-On Bach, wanda ya ta da gardama mai zafi tsakanin masu sha'awar kiɗan Turawa irin na dā. Kiɗan da ke ciki ba sabo ba ne, na Johann Sebastian Bach ne, Bajamushen nan da ya rasu tun 1750. Abin da ya ba mutane mamaki shi ne, ba goge, ba sarewa, ba ƙaho a cikinsa. Dukan sautin ya fito ne daga wata na'ura mai aiki da lantarki da ake kira sintasaiza, ƙirar wani injiniya mai suna Robert Moog. Wendy Carlos ce ta kaɗa, Rachel Elkind kuwa ta shirya faifan.

Ya kamata mai karatu ya san cewa na'urar wancan zamani ba irin fiyanon nan ba ce da masu waƙoƙin finafinan Kano suka saba da shi. Girmanta ya kai na kabad, gabanta cike da wayoyi kamar teburin ma'aikacin talho, kuma murya ɗaya tak take iya fitarwa a lokaci guda. Shi kuwa Bach gwaninsa ne saƙa muryoyi uku ko huɗu su yi tafiya tare, kowace da hanyarta. Saboda haka tilas Carlos ta riƙa kaɗa murya guda ta ɗauka a tef, sa'an nan ta komo ta ɗora ta biyu a bisa ta farko, haka har a gama. Ga shi kuma na'urar ba ta zama a kan saiti, bayan an ɗan taɓa sai a tsaya a daidaita ta. Wahalar dai ba ta faɗi a banza ba, domin faifan ya ci kyautar Grammy uku a 1970, aka kuma sayar da fiye da miliyan ɗaya.

Hanyar Carlos hanyar riƙon amana ce. Abin da Bach ya rubuta shi ta kaɗa, sai dai ta ba kowace murya launinta. Alal misali, kiɗan nan da ake kira Brandenburg na uku kusan duka na masu goge ne, manya da ƙanana, kuma da yake duk dangi ɗaya ne, kunnen da bai saba ba yakan ji su a cakuɗe. A faifan Carlos kuwa kowace murya ta fito daban, kamar zaren ja da na baƙi a jikin saƙi, har wanda bai taɓa koyon kiɗa ba yana iya bin guda daga farko zuwa ƙarshe. Wuri ɗaya ta saki jiki ta ƙara nata, watau tsakiyar wannan kiɗa inda Bach kansa ya bar giɓi. Ba mamaki da Glenn Gould, shahararren makaɗin fiyano na Kanada wanda bai cika yabo ba, ya yaba wa faifan ƙwarai.

Wannan faifai ne ya ja hankalin Isao Tomita a Japan. Ya sayo tasa na'urar daga Amurka, ta iso a 1971, amma ma'aikatan kwastan suka riƙe ta, don ba su yarda abin kiɗa ba ce, sai da ya kawo musu hoton wani makaɗi yana kaɗa irinta. Ya yi wata 14 yana fama da ita kafin ya gama faifan Snowflakes Are Dancing, wanda kamfanin RCA ya fitar a 1974. Shi bai bi ta kan Bach ba, sai ya ɗauki kiɗan Claude Debussy, Bafaranshen da ya rasu a 1918, wanda yawancinsa don fiyano aka rubuta shi. To, a nan ne hanyoyin suka rabu. Tomita bai damu da raba muryoyi ba, hoto yake so ya zana. Ya sa na'urar ta yi fito kamar mutum, ta yi amon ƙararrawa, ta yi muryar taron mawaƙa daga nesa, sautin yana yawo daga wannan lasifika zuwa waccan. Lalle Debussy ya dace da wannan, domin dama kiɗansa na hazo ne da farin wata da motsin ruwa, kuma har yanzu wannan faifai shi ne mafi kyau a cikin ayyukan Tomita.

Amma wanda ya saba yi wa rigar wani ado, wata rana sai ya wuce gona da iri. A 1976 Tomita ya ɗauki The Planets na Gustav Holst, ya buɗe shi da surutun rediyo da rugugin tashin roka zuwa sararin samaniya. 'Yar Holst, Imogen, ta ƙi yarda, aka kuwa janye faifan daga kasuwar Ingila. Ana iya cewa ta tsananta, amma tana da hujja: a wurare da dama mai sauraro ya fi jin Tomita a kan Holst.

Na ukunsu shi ne Keith Emerson, Baturen Ingila, wanda hotonsa ne Tomita ya nuna wa kwastan. A watan Maris na 1971 shi da abokansa Greg Lake da Carl Palmer suka kaɗa Pictures at an Exhibition na Mussorgsky a gaban jama'a a birnin Newcastle, da ganguna da waƙar da suka ƙara ta kansu. Tomita ma ya yi nasa a 1975, don haka ana iya auna su a kan abu ɗaya. Na Emerson yana da zafi da ƙarfin hali, amma kiɗan rawar samari ne da ya ari kan waƙar Mussorgsky. Na Tomita ya fi bin asali, ga kuma ban dariya, musamman inda ya sa na'ura ta yi kukan 'yan tsaki. Masu cewa dukansu ɓarna ne su tuna cewa Mussorgsky don fiyano kaɗai ya rubuta shi a 1874, kuma fasalin da duniya ta fi sani Maurice Ravel ne ya tsara wa babbar ƙungiyar makaɗa a 1922.

Makaɗa sun ji tsoron na'urar za ta raba su da abincinsu, har a 1982 wani reshe na ƙungiyarsu ta Ingila ya nemi a hana amfani da ita, kuma tsoron ba na banza ba ne, don kuwa mutum ɗaya ya zama yana yin aikin ashirin. Duk da haka, bayan nasarar Carlos kamfanoni sun yi ta tururuwar fitar da fayafayan kwaikwayo da irin na'urar nan tata, kuma kusan dukansu an manta da su. Ita kanta Carlos ta sake yin Bach a 1992 da na'urori na zamani masu biyayya, ta kira shi Switched-On Bach 2000, amma da yawa daga masu sauraro na 1968 suka fi so, wanda aka haɗa murya bayan murya.