Ka san tsuntsun kafin ka latsa

Yaran yanzu sun gano daɗin faɗuwar rana. Da la'asar sakaliya za ka same su a kan Dutsen Dala ko Goron Dutse, kowa da waya a hannu, suna ta latsawa ba lissafi. Tsuntsu na giftawa sai ka ji ihu: "Ga mikiya!" Alhali shirwa ce. Abin nan yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Mu da muka yi sana'ar hoto a zamanin fim, hoto 36 ne a naɗi guda, kuma ba ka ganin abin da ka ɗauka sai an wanke. Dole ido ya riga yatsa. Idan ka fuskanci yamma, ka daidaita kyamara da hasken sama, tsuntsu zai fito baƙi wuluk, ba launi, ba ido, sai siffa. To, da siffar ake gane shi. Shirwa wutsiyarta a tsage take, tana murɗa ta tana juyi. Ungulu fikafikanta faffaɗa ne, gashin ƙarshensu a wawware kamar yatsu, wutsiya gajera. Wanda bai san wannan ba, duhu kawai ya ɗauka.

Lokacin hunturu ya fi, sa'ad da hazo ke mayar da rana jan faifai. Amma damar 'yar kaɗan ce, kafin ka ankara ladan ya kira magariba. Maigidana da ya koya mini aikin yakan sa mu tsaya nesa da rimin da ungulaye ke kwana, ba motsi, ba magana, har su fara sauka ɗaya bayan ɗaya. Ranar da hasken bai yi masa ba, sai ya rufe kyamara mu tafi masallaci, ko ɗaya bai ɗauka ba.

Ina rimin yau? Ina ungulayen? Da, kwata da bakin kasuwa cike suke da su, muna kiransu ƙazamai, su kuwa suna kwashe mana mushe kyauta. Masu tsubbu suka sa wa kawunan ungulayen kuɗi, aka bi su da guba, aka sare itatuwan kwanansu. A 2015 ƙungiyar IUCN ta sa irin ungulun garuruwanmu cikin halittun da ke dab da ƙarewa. Indiya ta riga mu ganin haka: a shekarun 1990 maganin dabbobi mai suna diclofenac ya kashe fiye da kashi 90 cikin 100 na ungulayenta, karnuka suka yawaita a kan mushe. An ce ungulu ba ta jewar banza, yanzu ko jewar babu.

Na ce ku rage latsawa, amma idan Allah ya haɗa ku da ungulu, a Yankari ne ko a fadamun Haɗejiya da Nguru, ku ɗauka har wayar ta cika, ku rubuta wuri da rana. Sai dai kada ku jefe ta don ta tashi hoto ya yi kyau. Kuma duk wanda ya san mai sayar da kan ungulu a kasuwa ya yi shiru, 'ya'yana, ya ajiye kyamararsa, bai san tsuntsun ba.